Za mu shiga tuddan rairayin Yusufari da 'yan ƙungiyar motoci, me zan shirya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Bara na sayi Prado ta hannu, ƙirar 2012, mai shan fetur, giyarta otomatik. Tun da na saye ta ban taɓa sauke ta daga kwalta ba, in ban da zuwa ƙauyenmu da salla. To yanzu wasu abokan aikina masu ƙungiyar motocin shiga daji sun gayyace ni fita a watan Janairu. Za mu kwana a Gashuwa, da safe mu shiga tuddan rairayin Yusufari, mu fito kafin magariba. Motoci 7 ne. Wani ya ce sai na canza tayoyi na kuma ɗaga motar, wani ya ce injina ya yi ƙarami. Me ya kamata in shirya, yaya yinin yake kasancewa, kuma ba zan kashe motata ba? Ina so in tafi da ɗana mai shekara 12."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a motar, ya tsare ku kai da yaron. In na fahimce ka, abin da ke ranka shi ne ko motar da ke hannunka, yadda take ɗin nan, za ta shiga rairayi ta fito lafiya, da kuma abin da yinin zai nema daga wajenka kai mai riƙe da sitiyari. Bari in fara kwantar maka da hankali: motarka ta isa. Kada ka kashe ko kwabo wajen ɗaga ta, kada kuma maganar ƙaramin inji ta dame ka. Na yi shekara fiye da 20 ina jan motar masu haƙa rijiyar burtsatse a arewacin Yobe da Jigawa, har tsallaken iyaka wajen Gure da Maine-Sorowa, kuma yawancin aikin nan da tsohuwar Hilux mai shan gas muka yi shi, wadda ƙarfinta bai kama ƙafar na motarka ba. A duk shekarun nan abin da na ga yana kafe mutane a rairayi shi ne iskar taya, sai ƙafar da ke kan totur, sai jin kunyar a ce wane ya kafe. Raunin da na gani da idona kuwa, kusan duka a wajen fitar da motar da ta kafe ya faru.

Ƙasar da za ku shiga

Yusufari tana arewacin jihar Yobe, ta yi iyaka da Nijar. Da kun bar kwalta za ku fara da ƙasa mai ɗan tauri, da sabara da tumfafiya da aduwa jefi-jefi, sannan rairayi ya soma yawa har ku kai tuddan da ake zuwa kallo a wajen Tulo-Tulo da Bulatura. A tsakanin tuddan akwai kwari-kwari masu goriba da dabino, inda ruwa yake kusa da sama, Mangawa na noma da haƙar kanwa, Fulani na shayar da dabbobi. Yankin Bulatura yana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, don haka akwai ma'aikatan gandu da ya kamata a sanar.

Ka riƙe wannan tun yanzu: tsakiyar kwarin nan ta fi tudun rairayi haɗari ga mota. Za ka hango fili fari fat, a shimfiɗe kamar an daɓe, zuciyarka ta ce ga wurin hutawa. Ɓawon kanwa ne kawai a sama, ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne mai danƙo. Motar da ta kafe a rairayi shebur yana fitar da ita cikin rabin awa. Wadda ta fasa ɓawon nan ta zauna a kan cikinta na iya cinye muku yini. A bi gefen kwari, inda sawun amalanke da na raƙuma suka bi.

Janairu lokaci ne mai kyau, don sanyin hunturu yana sauƙaƙa wa inji da mutane. Abin da zai iya ɓata shi hazo ne. In kun tashi kun ga hazo ya sauko har ba a hango mota ta uku a gaba, a zauna a bakin rairayin a sha shayi, a bar hawan tudu sai ya ɗaga.

Ka san motarka tun kafin ranar

Prado irin taka kullum da ƙafa huɗu take tafiya, ko a kan kwalta. A tsakiyarta akwai wata na'ura mai raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, tana barin kowane ɓangare ya juya da saurinsa idan an sha kwana. A rairayi kulle ta ake yi, don gaba da baya su ja tare. Maɓallin yana da hoton tayoyi huɗu da alamar X a tsakiya. Sai giyar taimako, wadda aka rubuta wa L4: tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi. Ba a shigar da ita a guje. Sai ka tsaya cik, ka sa giya a N, sannan ka juya maɓallinta zuwa L4. Akwai kuma na'urar hana santsi, mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta tana ceton rai, amma a rairayi da ta ji taya na juyawa a banza sai ta yanke maka wuta, daidai lokacin da kake bukatarta a tsakiyar hawa. Ka koyi yadda ake kashe ta, littafin motar ya yi bayani.

Abin da nake roƙonka shi ne ka gwada duk waɗannan mako biyu kafin tafiya, a wani fili mai ƙasa, ba a kan kwalta ba. Motocin hannu da yawa sun yi shekaru ba a taɓa musu maɓallan nan ba, ƙaramin injin lantarkin da ke tura su ya daskare, sai ka danna fitila ta yi ta ƙiftawa ba ta tsaya ba. Gara ka gane haka a Kano, kusa da bakanikenka. In ka je wajensa ya duba lagireto da tiyoyinsa, da fanka, da fanbel, da man giya, da matatar iska, ya ɗaure batir da kyau. Ya kuma kwance safaya ya mayar, a tabbatar jak da sifanar taya suna nan suna aiki.

Tayoyin kwalta da ke kan motarka sun wadatar. Masu manyan haƙora ɗin nan da ake sha'awa don taɓo aka yi su, a rairayi tono suke yi. Shekarun tayar ne abin dubawa. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere: in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Wadda ta haura shekara 6, ko gefenta ya soma tsattsagewa, ba zan shiga da ita ba, domin gefen nan shi zai yi aikin yini.

Iska

Nan ne zancen yake. Ka dubi tafin raƙumi da kofaton jaki. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma in ya taka sai tafinsa ya baje, ya wuce bisa rairayi, jaki kuwa yana nutsewa. Tayar da aka cika tam kofato ce. Motarka ta haura tan 2, kuma duk nauyin nan yana kan wurare huɗu da kowannensu bai wuce tafin hannu ba sai da kaɗan. In ka rage iskar da rabi, inda tayar ke taka ƙasa yana ƙaruwa kusan ninki biyu, yawanci a tsawo, sai motar ta hau bisa rairayin maimakon ta riƙa tura shi a gabanta.

A kan kwalta irin motarka tana son wajen 30 zuwa 33 a geji (abin auna iskar taya, a ma'aunin PSI), takardar da ke manne a bakin ƙofar direba za ta gaya maka daidai. Masu faci da yawa kuwa 45 suke ɗurawa, har 50, in ba ka tsaya a kansu ba. Da kun zo bakin rairayi ka sauke zuwa 18. In rana ta yi rairayin ya saki, 15. In ka kafe, 12, amma wannan na fita daga rami ne kawai. Ƙasa da haka bakin tayar na iya sakin rim, iskar ta fice gaba ɗaya a lokaci guda. In motar na da kaya da yawa, ka bar na baya su ɗara na gaba da 2.

Ka sayi gejinka na kanka, kada ka dogara da ido. Za ka durƙusa a cikin sanyin safiya, ka kwance murfin bawul ka jefa a aljihu, don in ya faɗi a rairayi ya tafi ke nan. Ka danna allurar da tsinken ashana, iska na fita da ƙara tana busa ƙura a yatsunka, ka saki ka auna, ka sake dannawa. Kowace taya za ta ci minti biyu ko uku. A hankali za ka ga cikinta ya ɗan fito kamar tulu, zuciyarka ta ce ai wannan faci ne. Ba faci ba ne, haka ake so. Wannan aikin ka ba yaron ya riƙe geji yana karanta maka lamba, zai ji da shi ake tafiyar.

Na taɓa raka wani ayari da wani matashi ya zo da sabuwar mota mai silinda 8. Aka ce kowa ya rage iska, ya ce tasa ba ta bukata. Ko mita 200 ba mu yi ba ta binne kanta har aksul, inji na ruri, rairayi na tashi sama kamar ana sheƙe gero. Ba mu ɗaura mata igiya ba. Iska muka sauke daga 44 zuwa 15, muka kwashe abin da ya taru a gaban tayoyin, ya taka a hankali ta fito da ƙafarta. Har muka gama yinin bai sake kafewa ba.

Sai dai taya mai ƙarancin iska tana da sharuɗɗanta. Ba gudu, kada ka wuce kilomita 40 a awa ko da fili ya buɗe. Ba shan kwana a fizge. Ka kuma kula da kututture da ƙayar aduwa, domin gefen da ya fito ɗin nan shi ne mafi laushi a jikin taya, kuma in ya yage faci ba ya kama shi.

Tafiyar ayari

Fatake ba su taɓa shiga daji kowa da ra'ayinsa ba. Akwai madugu, akwai jagaba, kuma har yau ayarin raƙuman gishiri da ke tashi daga yankin Agadas zuwa Bilma madugu ke jan sa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi haka take tsara kanta. Bayan sallar asuba za a taru, shugaban tafiya ya faɗi hanya, da inda za a yada zango, da lokacin juyowa, ya ba kowa matsayinsa a layi. Shi ne a gaba tare da ɗan gari, don da ɗan gari akan ci gari, balle a wurin da iska ke shafe sawu cikin dare guda. A ƙarshen layi ana sa gogaggen direba mai igiya da kayan gyara. Kai sabon shiga ka nemi zama na biyu ko na uku: kana ganin abin da madugu ke yi, kuma motoci ba su gama dagula sawun ba kafin ka iso. In ka je taron safen nan ka tarar ba wanda ya san wane ne shugaba, ba ɗan gari, ba oba-oba ta magana tsakanin motoci, to ka yi kallonka daga bakin rairayi ka koma.

Dokar ayari da ta fi kowace ita ce motar da ke bayanka amanarka ce. Ka riƙa duban madubi. In ta ɓace maka, ka tsaya a wuri mai tauri. Na gabanka zai rasa ka shi ma ya tsaya, har labari ya kai ga madugu ba tare da an yi ihu ba. A mararraba ba ka wucewa sai na baya ya ga inda ka bi. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, domin in ya kafe kana manne da shi, dole ka taka birki a wuri mai laushi, an sami biyu ke nan. A tudu kuwa ɗaya bayan ɗaya ne, sai an ce maka wancan ya sauka ya ba da wuri. Yana da kyau kowace mota ta ɗaura jan ƙyalle a kan doguwar gora, don a hango ta kafin ta ɓullo daga bayan tudu.

Rairayin safe ya fi tauri, shi ya sa ake yin manyan tudda kafin hantsi ya dubi ludayi. Da rana ta take, rairayin ya saki, inuwa kuma ta ɓace, sai ƙasa ta zama fari ɗaya, rami da tudu duk iri guda a ido. Wannan lokacin na zango ne: a shiga inuwar goriba, a ci abinci, a yi azahar, injuna su huce. Bayan la'asar a kama hanyar fita, magariba ta same ku a kan kwalta.

Ƙafa da hannu

A fili, H4, wato giyar tafiya ta kullum, da kullen tsakiya a kunne ya isa. In rairayin ya yi zurfi ko za a hau tudu, ka tsaya a wuri mai tauri ka sa L4, ka riƙe giya ta 2 ko ta 3 da hannunka don kada ta canza maka a tsakiyar hawa. L4 tana kuma rage wa giyar otomatik zafi, wanda shi ne babban abin da ke lalata ta a rairayi. Tashi a hankali, kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarka. Tsayawa kuma ɗaga ƙafa kawai, rairayi da kansa birki ne. In ka danna birki da ƙarfi, tayoyin gaba za su tara tsibi a gabansu, tashi ya gagara. Ka nemi wurin da hancin motar ya ɗan kalli gangare kafin ka tsaya. Ka riƙa lura da inda tayoyin gaba suka fuskanta: sabon shiga sau da yawa sitiyarinsa a karkace yake bai sani ba, motar na bin sawu, tayoyin na huɗa kamar garma.

Tudu yana da fuska biyu. Wadda iska ke bugawa doguwa ce mai tauri, ɗayar kuma gajeriya ce mai tsananin gangare da laushi, kuma daga ƙasa ba ka ganinta. Shi ya sa madugu ke sauka ya taka da ƙafa ya leƙa kafin ya kai mota. A hau a miƙe, da ɗan gudu daidai gwargwado da wuta ɗaya ba ƙari ba ragi, a sassauta dab da ƙololuwa. Wanda ya saki da wuri cikin motarsa zai zauna a kan tsinin, tayoyi na reto. Wanda bai saki ba zai tashi sama ya dira da hanci. Wannan ma'aunin ba a koyonsa a rubuce, sai ka kalli motoci biyu sun yi, ka gwada a ƙaramin tudu.

In ka kasa kaiwa, kuma za ka kasa ko sau ɗaya ne, kada ka kuskura ka juya motar a jikin tudu. Prado doguwa ce, in ta ba gangare gefenta rairayin da ke ƙarƙashin tayoyin ƙasa zai zame, nauyi ya koma can, ta kife. Ka sa ribas, ka sauko a miƙe bisa sawunka, ka sake ɗaukar hanya. Saukowa ta gaba kuma L4 da giya ta 1, hanci a miƙe, inji na riƙe da motar. In ka ji bayanta na neman zagayowa, ɗan totur kaɗan ne ke miƙar da ita, birki ƙara karkatar da ita yake yi.

Idonka na kan allurar zafi. In ta soma hawa ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka tsaya kana fuskantar iska, ka bar injin yana aiki a tsaye. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. A kowane zango ka leƙa ƙarƙashin motar ka cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa, don ita ke tayar da gobara a wannan lokaci na shekara.

In ka kafe

Da ka ji motar ta daina gaba tayoyi na juyawa, ɗaga ƙafarka nan take. Kowace daƙiƙa da ka ƙara kana ba ta wuta, rami kake haƙa wa kanka, kuma jin kunya ne ke sa mutum ya ci gaba da dannawa. Kowa a ayarin nan ya taɓa kafewa, har madugun. Ka gwada ribas a hankali bisa sawunka. In ta ƙi, ka sauko ka duba, ka rage iska zuwa 12, ka kwashe rairayi daga gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin cikin motar har ka ga haske ta ɗaya gefen. A cusa katako a ƙarƙashin taya, mutum uku su tura. Sau tara cikin goma nan maganar ke ƙarewa.

Igiya ita ce ta ƙarshe, kuma ina so ka karanta nan da natsuwa saboda yaron da za ka tafi da shi. Igiyar fizga tana miƙewa kamar roba, tana tara ƙarfin tan da yawa. In abin da aka ɗaura ta a jiki ya karye, ƙarfen yana tashi kamar harsashi. Wata shekara muna aiki kusa da wani ƙauye, motar ɗaukar kayanmu ta kafe, wani direba ya zo taimako da kyakkyawar niyya. Ya maƙala waya a wata 'yar ƙugiya da ke ƙarƙashin bamba, ya ja baya ya taho da gudu. Ƙara ɗaya muka ji. Ƙugiyar ta fasa gilashin bayan motarsa, ta yaga matashin kujerar da ke gefensa, ta tsaya a jikin dashbod. Minti biyar kafin nan yaron motarsa na zaune a kujerar. Har yau in na tuna da zaren auduga da ke lilo daga matashin nan jikina yana sanyi.

Saboda haka ba a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, ba a ɗaura ta a bamba, ba a ɗaura ta a 'yan ƙananan kunnuwan da aka yi don ɗaure mota a jirgin ruwa. Sai a wurin da aka yi don ja, wanda ke ɗaure da shasi da manyan kusoshi. Ka sa bakanike ya nuna maka na motarka, gaba da baya, tun a gida. Ba a fizga da sarƙa ko waya. Ba a haɗa igiya biyu da ƙarfe a tsakani. A yafa bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kowa ya ja baya nisan da ya fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, a gefe, ba a saitinta ba, har da masu ɗaukar hoto da waya. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma ja na farko a hankali ake yinsa. In ka ga ana shirin yin saɓanin haka a jikin motarka, ka ce a'a, ko wane ne, ka ɗauki shebur.

Guzuri, yaro, da masu wurin

Ka cika tanki a Gashuwa. A rairayi mota na iya shan kusan ninkin abin da take sha a kwalta, don haka ka raba manka uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum, da jarka mai lita 20 ta ko-ta-kwana. Sai shebur, geji, famfon iska mai aiki da batir, faffaɗan katako na ɗora jak, abin kashe gobara, tocila, da akwatin magani. Duk wani abu mai nauyi a ɗaure shi a but, don a gangare tukunyar gas ko jak na iya tasowa ta sami kan mutum. Kada a ɗora kaya a rufin mota.

Yaro mai shekara 12 zai iya zuwa, zai kuma daɗe yana ba da labari. Ya zauna a baya da bel a ɗaure ko da tafiyar hawainiya ake yi, hannu da kai a cikin mota. Takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da kunama, rigar sanyi, hula, abin rufe hanci, da man shafawa don leɓe. Kada ya cika ciki kafin hawan tudu. Ka gaya masa tun a gida cewa da an fito da igiya wurinsa na can nesa kusa da kai ko wani babba, kuma ba ya zagayawa bayan tudu shi kaɗai, don direban da ke tahowa ba ya ganinsa.

Maganar tsaro ba a yanke ta daga nesa. Yobe ta sha fama, kuma hali na canzawa daga wata zuwa wata. Ka tambayi shugaban tafiyar kai tsaye ko an sanar da jami'an tsaro da hakimi, da abin da suka ce a makon tafiyar. In sun ce a dakata, a dakata. Iyakar Nijar a can ba shinge gare ta ba, mutum na iya tsallakawa bai sani ba, kuma sabis ɗin waya yana ɗaukewa. Ka bar wa wani a gari sunan inda za ku da lokacin da za ku fito. In mota ta lalace, a zauna a jikinta.

Wurin da za ku je shaƙatawa gidan wasu ne. In za ku ratsa ƙauye ku rage gudu tun daga nesa don ƙura, ku tsaya ku gaida bulama. Kada a taka gona ko da an girbe, kada a tare bakin rijiya ko burtali, kada a ɗauki hoton matan mutane. Garke in yana tsallakawa a kashe hon a jira. Abin da ya fi damuna shi ne ciyawa. 'Yar ciyawar da ke jikin tudu ita ke riƙe da shi, kuma a wannan yankin rairayi na cinye gonaki da gidaje, mutane na kafa shinge suna dasa itatuwa don su tsayar da shi. Yobe na cikin jihohi 11 na Najeriya da ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Abin da suka yi shekara suna reno, mota 7 na iya kashe shi da la'asar ɗaya. A Nijar akwai wata bishiya da ta tsaya ita kaɗai a hamadar Tenere, ayari na gane hanya da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ku yi wasanku a kan tudun da yake tsirara, ku bi tsohon sawu a sauran wuraren, ku kwaso ledojinku.

Duk abin da na faɗa na rairayi ne da taɓon kwari, don nan na yi aikina. Duwatsun Jos ko hawan Mambila wata sana'a ce mai nata ƙa'idojin. Kuma motar ba a gabana take ba, don haka inda littafinta ya saɓa da lambobina, bi littafin, inda madugunku ya ga ƙasa da idonsa ya ce a yi kaza, bi madugu.

Da kun fito bakin kwalta ka tsaya. Ka mayar da giya H4, ka buɗe kullen tsakiya ka tabbatar fitilarsa ta mutu, don tafiya da shi a kulle a kan kwalta na murɗe farfela da giya. Ka kunna na'urar hana santsi. Ka mayar da iska yadda take, injin na aiki yayin da famfon ke ja daga batir. Taya mai 15 in ta hau kwalta da gudu zafi take ɗauka har ta fashe, kuma a nan ne gajiya ke sa mutane cewa bari mu lallaɓa zuwa gari. In famfo ya ƙi, a tafi a hankali ƙwarai zuwa mai faci na farko. Washegari da safe, kafin ka kama hanyar Nguru da Haɗeja, ka sake auna tayoyin suna sanyi, ka cire matatar iska ka kakkaɓe, ka leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. In kun isa Kano a wanke ƙarƙashin motar sosai, musamman in ta taɓa ƙasar kanwa, don kanwa na cin ƙarfe. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka gaida min yaron.